Yadda Ake Gane Darajar Farantan Tunawa na Disneyland da Ire-irensu Idan Sun Faɗo Kasuwar Gwanjo

A shagunan burokant na Garwa da Marwa da Ngaundere, da wajen masu kayan gwanjo a Njamena, idan aka farke sabon kwali daga kwantenar da ta sauka Duwala, akan ci karo da faranti ɗaya ko biyu da ba su yi kama da sauran ba. Wani da zanen fada mai dogayen hasumiyoyi, wani da ɓeran nan Mickey, wani da sunan gidan abinci kewaye da bakinsa da ruwan zinari. Farantai ne da masu yawon buɗe ido ke saya a gidajen abinci da kantunan manyan filayen shaƙatawa na Turai da Amurka da Japan, irin su Disneyland. Mai shi ya rataye a bango shekara ashirin ko talatin, ranar da aka kwashe kayan gidan sai ya biyo tsofaffin tukwane da fitilu ya iso mana.

Tun da waya ta shiga hannun kowa ake ta jin cewa irin waɗannan farantai kuɗi ne. Wasu kuɗi ne, amma ƙalilan. Mafi yawansu a can ƙasarsu ba su wuce kuɗin cin abincin rana ɗaya ba, kuma kuɗin mayar da su can ya fi kuɗinsu. Aikin mai saye shi ne ya ware ɗayan nan mai daraja daga cikin ashirin, kuma zanen gaba ba ya taimakawa wajen wannan. A bayan faranti ake karanta darajarsa.

Da farko, wane iri ne a hannunka?

Iri huɗu ne ke yawo, kuma masu shago na haɗa su wuri ɗaya su yi musu kuɗi ɗaya.

Na farko shi ne farantin tunawa na ainihi, wanda aka saya a cikin filin. Yawanci bai da kauri, faɗinsa daga santimita 10 zuwa 27, da sunan filin a gaba, wani lokaci da shekara. Sau da yawa za ka ga ƙananan huji biyu a gindinsa inda ake zura igiyar ratayewa. An yi irinsa da yawan gaske, domin mutane miliyoyi ke shiga waɗannan wurare duk shekara.

Na biyu shi ne farantin aiki, wato wanda gidan abincin ke zuba wa baƙi abinci a ciki. Da ka ɗaga shi za ka ji bambanci: nauyi gare shi, bakinsa mai kauri ne a naɗe don kada ya ɓantare a wajen wanki, kuma mai faɗin santimita 27 yakan kai giram 700 zuwa kilo guda. A bayansa akwai tambarin masana'antar da ke yi wa otal-otal kaya, kamar Homer Laughlin ko Syracuse China na Amurka, ko Steelite na Ingila. Wannan ne masu tarawa suka fi nema, saboda ba a jera shi a kanti an sayar wa kowa ba, kuma yawancin 'yan'uwansa sun farfashe a bakin aiki. Idan gidan abincin ya rufe ko ya canza suna, nema na ƙaruwa. Misalin da kowa ya sani a harkar shi ne Club 33, gidan abinci na 'yan ƙungiya zalla da aka buɗe a cikin Disneyland a 1967. Kayansa masu ɗauke da lamba 33 na da masu nema koyaushe.

Na uku shi ne wanda ya fi cin kuɗin mutane a banza. Faranti ne mai kyan zane ƙwarai, da dogon rubutu a baya, da lambar da aka rubuta da hannu, da takardar shaida a cikin kwalinsa, amma bai taɓa shiga filin shaƙatawa ba. Kamfanonin da ke talla ta gidan waya ne suka yi shi, kuma mafi shahara a cikinsu shi ne Bradford Exchange da aka kafa a Amurka a 1973. Za ka ga kalmar "Bradex" da jerin lambobi, ko kuma "limited to 150 firing days". Ma'anar wannan jimla ita ce an taƙaita gasa farantin ga kwana 150. Kwanakin aka ƙayyade, ba adadin farantan ba, kuma masana'anta na iya gasa dubbai a yini. Mutane sun yi rububinsu a shekarun 1970 da 1980 da zaton jari ne, daga baya kasuwar ta faɗi, yau galibinsu ba su kai kuɗin da aka saye su sababbi ba. Kada takardar shaida ta ruɗe ka.

Na huɗu na roba ne mai tauri, wanda ake kira melamin, irin wanda ake ba yara abinci a ciki su tafi da shi gida. Kuɗinsa kaɗan ne, sai dai idan tsoho ne sosai kuma zanen bai koɗe ba.

Ga mai son asalin abin: al'adar farantin shekara-shekara ta faro ne a Danmak, inda kamfanin Bing & Grøndahl ya fitar da na farko a 1895. Shi kuwa haɗin faranti da filin shaƙatawa, akwai labarin Knott's Berry Farm a Kalifoniya, inda gidan abinci ya riga filin zuwa duniya. A 1934 Cordelia Knott ta fara sayar wa matafiya soyayyiyar kaza a cikin farantan aurenta, layin masu jira ya yi tsawo, sai mijinta ya shiga gina abubuwan kallo don su rage zaman jira.

Kifa shi ka karanta

Ka goge ƙurar bayan da busasshen tsumma, ka kai shi wurin haske. Abu uku kake nema: sunan filin, alamar mallaka, da ƙasar da aka yi shi. Idan ukun nan suka dace da juna, ka sami shekarunsa. Idan suka saɓa, ka ajiye shi.

Disneyland na Kalifoniya an buɗe shi ranar 17 ga Yuli 1955. Walt Disney World na Fulorida a ranar 1 ga Oktoba 1971, na Tokyo a 1983, na Hong Kong a 2005, na Shanghai a 2016. Kamfanin Disney kuma yana amfani da sunan "Walt Disney Productions" har zuwa 1986, sannan ya koma "The Walt Disney Company", kayansa suka riƙa fitowa da wannan suna ko da kalmar "Disney" kaɗai kusa da ƙaramin harafin c a cikin da'ira. Saboda haka farantin da ke cewa Disneyland a gaba, "Walt Disney Productions" a baya, na tsakanin 1955 da wajen 1986 ne. Idan Walt Disney World ne da wannan tambari, tsakanin 1971 da 1986. Waɗannan tsofaffin da yawansu na ɗauke da "Japan" ko "Made in Japan", a buge ko a kan 'yar takardar manne.

Mu nan da kayanmu suka fi fitowa daga Faransa da Beljiyam da Jamus, na kusa da Paris ne za mu fi gani, kuma shi sunansa kaɗai ya isa kalanda. An buɗe shi a Marne-la-Vallée ranar 12 ga Afrilu 1992 da sunan Euro Disney. A 1994 ya koma Disneyland Paris. Daga 2002 zuwa 2009 ana kiransa Disneyland Resort Paris, sannan ya dawo Disneyland Paris. Farantin da ke cewa Euro Disney na shekaru biyun farko ne, kuma wannan suna da ya ɓace shi ke sa a neme shi. Sai dai a yi hattara: an buga kayan shekarar buɗewa da yawa, Turawa kuma sun adana su, don haka yana da daraja amma ba ta fitar hankali ba. Idan kuwa ka ga Euro Disney a gaba da "Walt Disney Productions" a baya, jabu ne, domin an bar wancan suna shekara shida kafin a buɗe filin. Farantan cika shekaru ma lissafinsu a buɗe yake: 15 ita ce 2007, 20 ita ce 2012, 25 ita ce 2017, 30 ita ce 2022.

Sauran filayen Turai haka ake bi da su. Efteling na Holan 1952, Europa-Park na Jamus 1975, Futuroscope 1987, Parc Astérix 1989. Farantin Europa-Park mai "W. Germany" a baya na tsakanin 1975 da 1990 ne, kafin haɗewar Jamus.

'Yar takardar farashi da ke manne a baya shaida ce babba, kada ka ɓare ta. Idan farashin da harafin F ne ko FF, an saye shi kafin yuro ta maye gurbin faran na Faransa a farkon 2002. Idan akwai farashi biyu, na faran da na yuro, na gab da canjin ne. Adireshin intanet a jikin tambari na nufin bai wuce tsakiyar shekarun 1990 a tsufa ba. Farantan aiki na masana'antun Amurka sukan zo da 'yan haruffa da lambobi a ƙasan tambari waɗanda ke nuna shekarar da aka yi su, kuma akwai jadawalinsu a intanet idan ka nemi sunan masana'antar.

Bayan da yake fari fat, ba tambari ba komai, alhali gaba na ɗauke da zanen Disney, abin tuhuma ne. Injin da ake buga hoton ango da amarya a kan kofi da faranti a cikin gari, shi ne dai zai buga Mickey. Alamar irin wannan bugu: haruffa ba su fita tsaf ba, launi ya ɗan yi hazo, kuma saman na karcewa da sauƙi saboda shafen roba ne, ba a gasa zanen a wuta mai ƙarfi ba.

Gwajin lafiyar faranti

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci, domin giɓi ɗaya ƙarami a baki na iya raba kuɗin faranti biyu ko fiye, tsaga kuwa takan kashe shi gaba ɗaya a wajen masu tarawa.

Ɗora shi a kan yatsu uku ta tsakiyar gindi, kada ka riƙe baki, sannan ka ƙwanƙwasa gefensa da biro ko farce. Lafiyayyen tangaran zai yi ƙara mai zaƙi ta ɗan ja kafin ta mutu. Mai tsaga zai ce "ƙwas" ya yi shiru. Kunne na kama tsagar da ido bai gani ba. Sai dai ka sani, farantin yumɓu mai kauri ƙararsa dama ba ta kai ta tangaran ba, saboda haka ka gwada shi da ɗan'uwansa mai irin jikinsa.

Bayan haka ka zagaya baki da gindi da ɗan yatsa a hankali, ido a rufe ma ya fi. Inda yatsa ya ji kaushi, nan giɓi yake. Sai ka kunna tocilar waya ka haska ta baya. Tangaran na gaske mai siranta zai bar haske ya ratsa har ka ga inuwar yatsunka, kuma tsaga siririya kamar silin gashi za ta fito baƙa. Yumɓu da farantin aiki mai kauri ba sa barin haske ya wuce, wannan ba aibu ba ne a gare su.

Karkata farantin hasken ya kwanta a kansa. Abu biyu za su bayyana. Ɗaya shi ne sawun wuƙa da cokali. A farantin aiki ana yafe kaɗan daga ciki, don an san aiki ya yi, amma a farantin ado ragi ne. Na biyu shi ne tsattsagewar sheƙin sama, wadda ke kama da busasshiyar laka a bakin Binuwai da rani. Jikin farantin bai fashe ba, fatar gilashin da aka shafe shi da ita ce ta tsattsage, galibi saboda yumɓun ciki ya sha danshi ya kumbura ko kuma zafi da sanyi sun yi ta bugunsa. Ba ta gyaruwa, kuma maiƙo na shiga ta nan ya yi tabo ruwan ƙasa.

Don gano gyara, 'yar fitilar nan mai shuɗin haske da 'yan canji ke duba takardar kuɗi da ita ta isa. Shiga wuri mai duhu ka haska: gam da sabon fenti sukan yi haske daban da sauran jiki. In babu fitilar, ɗan taɓa wurin da kake zargi da bakin allura a hankali. A kan gilashi za ta zame, a kan gyara za ta ɗan kama.

Daga ƙarshe duba ruwan zinarin baki. A saman sheƙi yake, shi ya sa shi ke fara gogewa. Ka lura ko zagayen ya cika ko ya yanke a inda hannu ke kamawa.

Farashin da aka sayar, ba wanda aka nema ba

Kuskuren da ya fi yawa ke nan. Mutum ya ɗauki hoton faranti da Google Lens, manhajar waya da ke nemo irin abin da aka ɗauka a intanet, ya ga wani ya sa irinsa yuro 300, sai ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Wannan kuɗin da mai kaya ya yanka ne, kuma kowa ya san a kasuwa yankan farko daban, sallamawa daban. Wani farantin ya shekara uku a rataye da wannan farashi ba wanda ya taya.

Yi amfani da Google Lens don ka san sunan farantin da yadda ake rubuta shi. Sannan ka shiga eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, ka rubuta sunan filin, sunan gidan abincin in akwai, da shekara, da kalmar "plate" ko "assiette". A wajen tace sakamako ka zaɓi "Sold items", a shafin Faransa kuma "Ventes réussies". Abin da ya rage a gabanka shi ne cinikin da aka ƙulla da gaske a 'yan watannin baya. Nemi aƙalla biyar masu zane ɗaya da faɗi ɗaya da naka, ka duba ko da kwali aka sayar ko babu, ka jera su daga ƙarami zuwa babba, ka ɗauki na tsakiya. Kada ka ɗauki na sama, domin watakila mutum biyu ne suka yi ja-in-ja a ranar.

Ƙidaya kuma tana magana. Idan masu sayarwa hamsin ne, wanda aka sayar biyu, kasuwar a cike take. Idan ba ka ga ko ɗaya a kasuwa ba amma ka ga an sayar da uku da kuɗi mai kauri, to ka riƙe abinka da kyau. Shafukan sayar da kayan gwanjo na Leboncoin da Vinted na taimakawa wajen ganin yawan kayan Euro Disney da Parc Astérix a Faransa, amma farashin nema suka fi nunawa.

Ga misalin lissafi, da lambobin da aka ɗauka don koyo kawai. A ce cinikayya biyar sun nuna yuro 12, 15, 18, 18 da 40. Na tsakiya 18. Yuro ɗaya sefa 655.957 ce, canjin a ɗaure yake, don haka 18 ta kama kusan sefa 11,800. Idan shafin ya ciri la'adarsa, wadda a eBay na Amurka takan kai kusan kashi 13 cikin ɗari, saura wajen 10,300. A ce kwali da abin naɗi sun ci 1,300, wanda ya ɗauka a jakarsa zuwa Faransa ya karɓi 4,000. Saura jaka biyar. A cikin jaka biyar ɗin nan ne uwar kuɗi da riba da asarar wanda zai fashe a hanya za su fito. Ke nan duk abin da ya haura sefa 2,500 a wajen saye, daga ribarka zai fita. Ƙa'idar da ta fi tsare mai saye ita ce kada ya biya fiye da kashi ɗaya cikin biyar na farashin tsakiya.

Aikawa da kamfanonin jirgi irin su DHL don faranti ɗaya ba ya fitar da mai shi, sai in farantin na manyan kuɗi ne. Dalili kuwa ba nauyin sikeli kaɗai suke caji ba, har da girman kwali: tsawo sau faɗi sau tsayi da santimita, a raba da 5,000. Kwali mai 35 da 35 da 15 zai ba da 18,375, in an raba ya zama kilo 3.7, ko da farantin ciki bai kai rabin kilo ba. Ga kuma batun karɓar kuɗi, wanda daga Kamaru ko Cadi ba shi da sauƙi a waɗannan shafuka. Hanyar da ke aiki ita ce a tara biyar zuwa goma masu kyau, a ba amintaccen matafiyi, ɗan'uwa mazaunin can ya sayar da asusunsa, a yi maganar kason kowa tun kafin kaya su tashi, ya turo kuɗin ta hanyar da aka saba.

A wajen ciniki kuma ba sai ka nuna zumuɗi ba. Ka haɗa farantin da wasu kaya biyu ko uku ka taya gaba ɗaya. "Alhaji, waɗannan huɗun nawa za ka bar mini?" In ya ce albarka, ka ƙara kaɗan, amma kada ka ƙetare iyakar da lissafinka ya ba ka. In kuma kai ne mai sayarwa, ka faɗi aibun kayanka tun kafin a tambaya. Haka addini ya ce, kuma a eBay mai saye na da ikon mayar da kayan da ba su dace da bayani ba, asarar jigila a kanka.

Akwai wata damfara da ke bin wannan harka. Ka sa hoton faranti a Facebook, sai wani ya bi ka ta WhatsApp ya ce ya san Baturen da zai biya miliyoyi, amma sai ka fara tura kuɗin takarda ko na duwan ta Orange Money ko Airtel Money. Mai saye na gaskiya ba ya karɓar kuɗi daga mai sayarwa.

Wanki da ajiya

Farantai da yawa a hannunmu suke rasa darajarsu, cikin minti biyar na wanki. Toka, yashi, soson ƙarfe, duk suna cinye ruwan zinari da zanen da ke saman sheƙi. Shafa yatsa a kan zanen: in ka ji gefensa ya ɗan taso, a sama yake, kuma gogewa za ta ɗauke shi. Ruwan jabel ma a guje shi, domin yana shiga ta tsattsagewa ya zauna a cikin yumɓu, daga baya ya ɓamɓaro sheƙin. Abin da ake bukata: robar wanki, tawul a shimfiɗe a ƙasanta, ruwa mai ɗumi-ɗumi, ɗigon sabulun ruwa, da tsumma mai laushi. Ɗaya bayan ɗaya ake wankewa. Mai takardar farashi a baya ba a tsoma shi, gabansa kawai za a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Farantin da ya wuni a rana cikin zafin Afrilu, a bari ya huce a inuwa kafin ruwa ya taɓa shi, in ba haka ba ya tsage.

Kwalin asali da takardarsa suna ƙara kuɗi, su ne kuma gara da kyankyasai da danshin damina ke fara ci. A sa su a leda mai kauri, a ɗaga su daga ƙasa, a nisanta su da bango. In za a jera farantai a kan juna, a sa tsumma ko takarda mai kauri tsakani, don gindin na sama bai da sheƙi, kaushinsa na karce fuskar na ƙasa. Kada su wuce biyar a tuli guda. Maratayin ƙarfe mai sifirin da ke kama baki yana tsatsa kuma yana ɓantare baki, sai a nemi mai rufin roba ko a ɗora a kan 'yar kujerar katako cikin kabad mai gilashi, wanda zai kuma tare ƙurar hunturu.

Wata magana da ta fi kuɗi muhimmanci: farantin ado ba na cin abinci ba ne. Fentin da ke saman sheƙi na iya ƙunsar gubar dalma ko kadmiyam, kuma abinci mai tsami shi ya fi jawo su, irin su miyar yakuwa, tsamiya, tumatir da lemun tsami. Yara ne suka fi son faranti mai zane, su ne kuma dalma ta fi yi wa illa a ƙwaƙwalwa. Idan ka ga "Not for food use" ko "Usage décoratif" a baya, ko hujin ratayewa, ka gaya wa uwargida wannan na bango ne. Na melamin ana ci a ciki, amma ba a sa shi a na'urar ɗumama abinci, ba a kuma zuba masa abin da ya sauka daga wuta yana tafasa.

Ɗauri don tafiya

Hanyar Ngaundere zuwa Garwa da gangarenta, ko ta Marwa zuwa Kuseri, ba ta tausayin tangaran. Naɗe kowane faranti da farar takarda tukuna, don tawadar jarida na mannewa, sannan ledar nan mai ƙurajen iska ninki biyu ko uku, da yankakken kwali a gaba da baya. A tsaye ake jera su a kan bakinsu, kamar littattafai, ba a kwance ba, saboda faranti ya fi jure nauyi ta baki fiye da ta tsakiya. A bar santimita 5 na cushe ta kowane gefe, a sa wannan kwali cikin wani babba, a cike tsakaninsu. Girgiza shi kusa da kunne: in ka ji motsi, buɗe ka ƙara cushe. A motar ajans ka riƙe shi a cinya ko ƙarƙashin kujera, kada ka bari yaran mota su hau da shi sama a ɗora masa buhun albasa.

Kafin ka naɗe, ɗauki hoto biyar na kowanne a inuwa da rana: gaba, baya, tambari kusa-kusa, baki daga gefe, da kowane aibu tare da ruler a kusa da shi. Rubuta faɗi da santimita da nauyi da giram.

Waɗanda lissafi ya nuna ba su cancanci tafiya ba, kasuwarsu na nan gida, kuma sau da yawa ribar ta fi ta waje tunda babu jigila. Masu haɗa jeren amarya da masu ƙawata falo da gidajen abinci na neman faranti mai ruwan zinari lafiyayye. Saiti mai zane ɗaya, huɗu ko shida, ya fi guda-guda saurin fita. Masu zanen gini ko furanni ko rubutu zalla sun fi shiga, domin gidaje da dama ba sa rataye hoton mai rai a ɗaki. Masu Mickey da 'yan'uwansa kuwa a kai su ga masu shagon kayan yara da makarantun renon yara, a faɗa musu tun a wajen ciniki cewa na ratayewa ne, a kuma haɗa musu da maratayi mai rufin roba.